Farar Riga a Kan Soro

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi, Biba takan hau soro ta shanya wata farar riga mai dogon hannu daidai inda za a hango ta daga hanya. Mai rigar kuwa ya bar Agadas wata biyu da suka wuce.

Shekara ta biyu ke nan sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Rijiyoyi sun ƙafe, raƙuma suna faɗuwa a bakin gari. Ana cikin wannan hali sojojin da ke mulki suka yi wani babban tunani: Agadas za ta zama garin ilimi, ƙasashen waje su turo 'ya'yansu koyon haƙar ma'adinai, ƙasa ta yi suna. Da yake ba a gina wa ɗaliban makwanci ba, sai aka rarraba su gidajen tsohon gari, aka ce duk gidan da ya sauki baƙo, motar gwamnati za ta cika masa tano, wato duro, ɗaya na ruwa kowane kwana biyu. Ranar nan har waɗanda ba su taɓa shimfiɗa wa baƙo tabarma ba sun zama masu son baƙi.

Biba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gida da ɗaki ɗaya na banza, ta samu Kossi, wani siririn ɗan Togo. Bai yi wata uku ba. Malamai ba su zo ba, injunan da aka nuna masa a hoto suna can cikin hoton, leɓɓansa duk sun tsattsage. Ranar da zai hau motar kudu ya miƙa mata rigar, ya ce da 'yar Hausarsa, “Mama, riga ya zauna, ruwa ya zauna.”

Ruwan nan ba na wasa ba ne. Ƙanwarta Habsa ta zo daga Tabelot da jinjira a baya, bayan lambun albasarsu ya ƙone, mijin ya nufi Dirkou neman aiki, shiru. In Habsa ba ta sha ba, nono ba ya kawowa. Don haka kullum Biba takan yayyafa wa rigar rabin moɗa don ta yi kama da wankakkiya, tana yi zuciyarta tana ciwo.

Nomau direban motar ruwa yakan tsaya ya ɗaga kai.

“Biba, ɗalibinki, ɗan lakwal, na nan?”

“Yana ciki, yana karatu.”

“Madalla. Yaron ga akwai tsabta. Riga guda, kullum wanki.”

Sai ya zura tiyo a tano, ya kau da kai.

Wata Talata aka ce ana bin gida-gida ana duba ɗalibai. Biba ta tashi da sauri. Ta hau soro don ta gyara shanya, a karo na farko ta tsaya ta dubi unguwa da kyau. Can wando, can riga, can tawul, kowane soro da tutarsa. Ashe duk unguwar karatun nan ɗaya ake yi.

Jami'in shirin, Mamman, wanda ake ce wa Mushe irin na Faransanci, ya iso da soja a bayansa. Biba ta durƙusa a zaure, tsoro ya sa ta yanke shawarar faɗin gaskiya.

“Ranka ya daɗe, yaron nan dai...”

“Inna, ban tambaye ki ba.” Ya share gumi, ya saci kallon sojan. “Na ga rigarsa. Ya isa.”

Shi ma yana da 'ya'ya, kuma ba a taɓa jin wanda ya kai wa kumandan sojoji mummunan labari ya kwana a kujerarsa ba.

Bayan mako uku rediyo ya yi albishir. Shiri ya yi nasara, ɗalibai sittin, ko ɗaya bai koma ba. Gwamnati ta ji daɗi ƙwarai, ta ba da umarni a daina takura wa baƙin ƙasa a gidajen laka, a mayar da su sabon gini bayan bariki, mai tankinsa na kansa.

Motar ruwa ta daina shiga unguwa. Ran nan Biba ta tare Nomau a hanya, ya sauke gilashi, bai iya haɗa ido da ita ba.

“Can nike kai shi duka. Ɗakuna sittin, ba kowa sai soja a ƙofa. Tanki ya cika har yana zuba cikin rairayi, an ce in ci gaba.”

Suka koma rijiyar bayan gari, inda ake kwana a layi don guga ɗaya na ruwan taɓo. Nonon Habsa ya ɗauke, aka ɗura wa jinjirar abin da ya samu. Gudawa ta kama ta ranar Lahadi, tana kuka ba hawaye. Ranar Laraba da hantsi ta yi shiru.

Liman ya aiko a kawo farin ƙyalle. Aka duba akwati, aka tambayi maƙwabta, babu. Biba ta hau soro a hankali ta sauko da rigar, ta cire maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta farke ɗinkin da reza.

Ta isa, har da saura.