Butocin Ƙofar Masallaci

Lokacin da aka turo Malama Ummukulsum firamaren wani ƙauye a bayan Maiyama, ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, leda kuma ta fara cika gari. Tana maƙalewa a ƙaya, tana toshe magudana, awaki su ci su kumbura. Filin makarantar babu komai sai darbejiya guda da tsakuwa.

Ita ta sa yara su riƙa tsinto mata leda da duk robar da ta mutu. Ta koya musu su wanke ledar, su tsaga, su tufka igiya yadda ake tufkar kaba. Ta yanka tsohuwar jarka ta yi mazauni, aka ɗaura lilo a reshen darbejiyar. Fasassun butoci kuwa aka ɗura musu yashi, aka binne rabinsu a jere, yara suna tsalle daga wannan zuwa wancan. Malamai maza suka sa mata suna Sarkin Bola. Ko kallo ba su ishe ta ba. Yara kawai take gaya wa cewa roba ba ta ruɓewa, har su yi jikoki tana nan, gara a ba ta aiki.

Da faɗan hawa lilo ya yi yawa, sai ta kafa doka: wanda ya kawo roba shi zai fara hawa.

A ajinta akwai Bushira, yarinya mai shiru, mahaifinta yana ƙwadago a gonakin albasa na Aliero. Gidansu tulu ne da ƙwarya, babu abin roba ko ɗaya, ledar hanya kuma manyan yara sun riga ta tsincewa. Kullum tana ƙarshen layi har a kaɗa ƙararrawa. Sai wata safiya ta zo da buta, washegari ta zo da wata. Kowacce da huji zagayayye a gindi, bakinsa ya yi baƙi. Da ta kawo ta uku, Malama ta shinshina hujin, ta ji ƙaurin garwashi. Ta ɗaga kai ta hango yarinyar can sama a lilo, ɗankwali ya zame, tana dariyar da ba a taɓa jin ta yi ba. Ta ƙudurta za ta yi mata magana in an tashi.

Ba a kai ga tashi ba Ladan Jibrilla ya shigo da wasu dattawa. Butocin ƙofar masallaci ne ke ɓacewa, har mutane suna layin alwala. Ya tone yashi ya nuna jan zaren da shi da kansa ya ɗaura musu a wuya. Malama ta ce za ta sayo sababbi ran kasuwar Jega. Ladan ya ce ba buta ya zo nema ba. Yaron yake so, a zane shi a gaban makaranta, a kira ubansa ƙofar masallaci.

Hedimasta Rufa'i ya sassauta murya. "Malama, ke kinka amsa da hannunki. Hwaɗi sunan mu huta."

"Na san sunan, ranka shi daɗe. Ba ni hwaɗi."

Ta san ƙauyen. Yarinyar da aka kira ɓarauniyar masallaci za ta tsufa da sunan, uban kuma ran nan zai cire ta daga makaranta.

"Ɗiyata," in ji Ladan, "wanga lilo naki shi yak koya musu sata. Ko sunan, ko a sare shi."

"To ku sare, Baba."

Aka sare igiyar, aka tone butocin, aka tara a tsakiyar fili aka cinna wuta. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ta kora yara aji ta rufe tagogi, don ta sha gaya musu hayaƙin roba guba ne. Ita ta dawo ta tsaya, hannu harɗe a ƙirji, har tulin ya narke ya zama dunƙule. Hedimasta ya ce zai kai ƙararta ofishin ilimi a Maiyama saboda taurin kai. Ta ce in yana so ta raka shi tasha.

Washegari yara suka yini suna hararar juna, kowa yana zargin wani. Iyaye biyu sun hana 'ya'yansu zuwa. Da aka fita hutun tara, Bushira ta maƙale a benci, ido ya kumbura.

"Malama, ni ta na..."

"Na sani. Kayan masallaci ba na ɗauka ba na, kuma ba ki ƙarawa. Kin ji?"

Yarinyar ta gyaɗa kai.

"Ko innarki kar ki hwaɗa ma. Share ido, hita waje cikin 'yan uwanki."

Malama ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonta har ta shiga cikin sauran yara.