Yaren Baba Illo Mai Baƙi Huɗu

Shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama babanmu Illo a cikin kwale-kwalensa. Ƙafa ta ɗan dawo, harshe ya ƙi. Mutumin da in ya ƙwala kira daga tsakiyar ruwa sai an ji shi a kasuwar Yelwa, yanzu in ya ce "ruwa" sai a ji "uwa". Ranar da baƙi masu dubiya suka yi masa dariya, Baba ya juya fuska bango. Ya daina magana, ya rage cin abinci, hankalinmu ya tashi.

Inna ce ta kawo dabara, tana bandar kifi. "Ke Zulai, amfanin mi karatun malantar naki? Tunda Hausa ta hi ƙarfin bakinai, ki ɗinka mishi wadda za ta yi mai daidai."

Kwana uku ina lallashinsa yana maimaita abin da na faɗa, ina rubutawa a littafi da fensir. Baƙaƙe huɗu ne ke fita lafiya: b, m, n, w. Wasula uku: a, i, u. Na kafa doka: kowace gaɓa baƙi ɗaya da wasali ɗaya, kalma kuma kada ta wuce gaɓa biyu, don numfashinsa ba ya kai uku. Ruwa ya zama "wu", fura "mubu". Garin haɗe-haɗe na sa wa likita "wawa" ban lura ba. Inna ta ce a bar shi haka, ai bai warkar da kowa ba. Nan Baba ya yi dariya da rabin baki.

Sai dai in ba an tambaye shi ba, ba ya buɗe baki. Wannan ya riƙa cin raina.

Wata safiya Inna ta kawo masa koko, ya ɗaga hannun hagu ya nuna ta. "Nanu."

"Baba, babu wannan a littafi," na ce.

"Nanu," ya sake cewa, ko kallona bai yi ba.

Inna ta ajiye kwanon a hankali. Sunanta Hansatu, sunan mahaifiyarsa, shi ya sa shekara arba'in kunya ba ta bar shi ya kira ta da suna ba, sai dai "ke". Ashe sunan nata ne ya gajarta don ya shiga doka, yaren nan kuwa ban sa masa kunya ba.

"Na'am, Malam," in ji Inna, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya. "Zulai, rubuta shi. Da biro, ba fensir ba."