Turke Mai Yawo

Ranar da Bethan ta fara shigowa lambunan Skelburn da rigar aikinta mai ruwan lemo da takalman roba har gwiwa, abu biyu suka faru a gidanmu: ni na rasa hankalina, kakana Stan kuma ya rasa sukuni.

Lambunan nan suna kan filin tsohuwar masana'antar gasa kwal ne, wadda aka rufe tun kafin a haife ni. Da aka rushe gine-ginen, ma'aikatan da aka sallama suka yayyanka filin, kowa ya ɗebo ƙasa mai kyau ya zuba a kan baƙin burji, suka koma noman albasa. Ba ta miya nake nufi ba. Doguwar nan mai farin jiki da faffaɗan ganye, wadda ake kaiwa gasa a kulob ɗin garin duk watan Satumba a auna kaurinta, a ba wanda ya fi kofi. Tun ina goye kofin nan ke kai-komo tsakanin falonmu da na Wilf Heslop, wanda rumfar ledarsa ke daf da ta kakana, 'yar siririyar hanya ce kawai ta raba su. Albasarsu takan kai kaurin cinyar babban mutum. Ta sauran mutane in ta kai dantse sai a yi biki.

Kowannensu yana da asiri. In an tambayi kakana sai ya ce giya ce da ganyen shayi yake ba ƙasar. Wilf kuma ya ce kashin tattabaru ne da ciyawar teku. Rabin garin sun gwada, sun yi asarar giyarsu. Rumfunan biyu kullum da kwaɗo, ko marigayiya kakata ba ta taɓa leƙa ciki ba. Wata jar mage ce kaɗai ke shiga ta ƙarƙashin leda, yau ta wuni a ta kakana, gobe a ta Wilf, shi ya sa kowannensu ke kiranta munafuka.

Sai gwamnati ta ware kuɗi don a binciki ƙasar tsofaffin masana'antu, inda aka sami guba a kwashe, a gina gidaje da wurin wasan yara. Garinmu ya sami rabonsa, aka turo Bethan. Aikinta ta kafa turaku masu jan kai a wuraren da za a haƙa, injin haƙa ya zo ya zaro ƙasa daga can ƙasa, a auna, a faɗa wa kowa abin da ke ciki. Wannan "kowa" ɗin ne ya tayar wa kakana da hankali, domin ɗaya daga cikin turakun a bakin ƙofar rumfarsa ta kafa shi.

Ya same ni a ɗakin girki ina wanke kofin shayi ɗaya tun ɗazu, ina murmushi ni kaɗai.

"Kai, malalaci," ya ce, "na ga yadda ka saki baki da yarinyar nan ta wuce, har ƙuda ya kusa shiga. Tunda ba ka da amfani a lambu, je ka yi amfani a soyayya. Ka lallashe ta ta cire min sandar nan."

Na ce masa zuciyata ba fartanya ba ce da zai ara ya yi aiki da ita. Ya ce fartanya ta fi ta amfani. Washegari dai na tafi, da butar shayi da gurasa mai naman alade a takarda, domin ko bai aike ni ba zuwa zan yi.

Na same ta durƙushe tana murza ƙasa tsakanin yatsu, iska tana wasa da gashinta, sai na ji duk littattafan da na karanta sun gudu sun bar ni. Na shirya maganganu masu daɗi tun daga gida, abin da ya fito bakina kuwa shi ne tambaya ko turke yana da nauyi. Ta dube ni, ta karɓi shayin, ta ce wane tsohon ne ya aiko ni, na dama ko na hagu. Na faɗi gaskiya. Ta yi dariyar da har yanzu in na tuna nakan ji ta a ƙirjina, sannan ta ce ba ita ke zaɓar wuri ba, taswirar tsohuwar masana'antar ce. Ta cinye gurasar tas.

Na kai wa kakana labari. Ya jira Wilf ya tafi cin abincin rana, ya tumɓuke turken, ya kafa shi a ƙofar rumfar Wilf, har ya tattake ƙasar da ƙafa. Ya ce min da jifa ɗaya zai ɓoye nasa asirin ya kuma ji na maƙwabci. Da ya dawo da yamma ban-ruwa, turken ya koma ƙofarsa, an ma ɗaura masa ɗan ƙyalle kamar kyauta.

Haka aka shiga. Kakana ya daina cin abincin rana a gida. Wilf, wanda gwiwarsa ke ciwo har ba ya zuwa coci, aka gan shi yana sassarfa da turke a hammata. In sun haɗu a 'yar hanyar sai su gaisa da ladabi fiye da kullum, kakana ya tambayi gwiwa, Wilf ya tambayi hawan jini, kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa. Ni kuwa riba ta samu, domin kullum ina da dalilin zuwa wajen Bethan in ba ta rahoton inda turkenta ya wayi gari. Ta ce ta yi aiki a garuruwa da dama, ba ta taɓa ganin sanda mai ƙafa ba. Na ce a Skelburn komai yana tsirowa.

Ana gobe injin zai zo, ta tara tsofaffin biyu a bakin hanyar. Ta ce ta gaji, ta kuma sake duba taswira, tsakiyar hanyar ma ta wadatar, ba sai an taɓa rumfar kowa ba. Na zaci za a yi gardama. Sai na ga fuskar kakana ta washe, ta Wilf ma haka. Kakana ya ce yarinya ce mai hankali, Wilf ya ce iyayenta sun yi tarbiyya. Har hannu suka yi. Kowannensu ya tafi gida yana ganin shi ya ci, domin kowannensu ya tabbata abin da yake ɓoyewa a ƙarƙashin ledarsa kaɗai yake.

Da safe duk masu lambu suka hallara, wasu da kujerun ninkewa. Akwai sanyi, numfashin kowa na fita fari. Injin ya fara cin ƙasa, ya zaro bututu na farko: ƙasar lambu, sai burji. Na biyu baƙi ƙirin. Da na uku ya fito, mai injin ya taɓa ƙarfen ya janye hannu da sauri yana yarfewa. Tururi ya taso daga ramin, siriri, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Jar magen ta fito daga inda take, ta zo ta kwanta a bakin ramin, ta lumshe ido.

Bethan ta sa aka ja da baya. Ta ce ragowar kwal ɗin da aka binne lokacin rushe masana'antar ne ke ci a hankali a can ƙasa, wataƙila tun shekaru masu yawa, wuta ba harshe, kuma daidai ƙarƙashin kusurwar rumfunan biyu take. Wani daga baya ya ce to ai shi ke nan, albasar da ke kwana a kan murhu duk hunturu dole ta yi ƙiba. Dariya ta fara daga can, ta bi kujerun har gaba.

Tsofaffin biyu ba su yi dariya ba. Kakana ya juya a hankali ya dubi Wilf.

"Kai ma?" ya ce.

"Tun hunturun da dusar ƙanƙara ta ƙi zama a wurina, na taɓa ƙasar na ji ɗumi," in ji Wilf. "Washegari na sa leda."

"To kashin tattabarun fa?"

"Wa ya ga tattabara a gidana, Stan? Giyar fa?"

"Shanyewa nake."

A ranar aka zagaye wurin da waya. Bethan ta hana cin duk abin da ya fito daga kusurwar, abin da bai dami kowa ba sai ni, da na tuna yawan miyar albasar gasar da na sha tun ina yaro. Ta ce kada in damu, da alama ba ta taɓa min komai ba sai baki. Daga baya kaso na biyu na kuɗin ya fito, manyan motoci suka zo suka tone filin, suka kashe wutar, majalisar gari ta ba masu lambu sabon wuri bayan makarantar firamare, ƙasa mai tsabta, mai sanyi kamar ta kowa.

Kakana ya yi shiru na tsawon makonni, wannan ne ya tsorata ni. Ya daina zagina. Wata rana na same shi zaune yana kallon kofin a kan kanta, ya ce min ba tare da ya juyo ba, ashe duk shekarun nan ba shi ba ne, wuta ce. Idona ya cika. Na ce wutar ba ta taɓa tashi da asuba ta yi ban-ruwa ba, ba ta taɓa goge ganye ɗaya bayan ɗaya da tsumma ba. Ya ce in rufe masa baki, in ajiye irin wannan maganar wa mai takalman roba. Sai na san zai warke.

Na kuwa ajiye mata, ta kuma saurara, ko da yake ta ce in rage tsawo. Da aikin ya ƙare ba ta bar garin ba.

Da hunturu ya dawo, wata Lahadi muna tafe ni da ita ta bayan makarantar, hannunta cikin aljihun rigata, muka hango tsofaffin biyu suna tura baro ɗaya. Sun haɗe filayensu, sun yi rumfa guda, da kwaɗo biyu a ƙofa domin har yanzu ba su yarda da juna ba. An lulluɓe baron da buhu, amma iska ta ɗaga gefe, sai ga bargon lantarkin marigayiya kakata mai furanni, wanda take ɗumama gado da shi, igiyarsa na jan ƙasa. Magen na biye da su.

Kakana ya gan mu, ya gyara buhun ba tare da gaggawa ba.

"Kashin tattabaru ne," ya ce.

"Da ɗan ganyen shayi," in ji Wilf.

Bethan ta dube su, ta dubi igiyar, ta ce ita aikinta ƙarƙashin ƙasa ne, abin da ke sama ba ruwanta. Kakana ya ce min in yi sauri in aure ta kafin ta gane ko ni wane ne. Sannan ya sa ni na riƙe musu ƙofar rumfar.