Layin Ban-lai na Kwana Bakwai

Kim-ki tana tsugune a bayan gida tana kankare ɓawon kifi sai wayarta ta yi ƙara. Hoton mijinta Ban-lai ne ya fito, da hular ƙungiyar masunta a karkace a kansa. Ta goge hannu a jikin riga ta ɗauka.

"To, tsoho, yau kuma me ka ci da za ka yi mini gori?"

Ba a amsa ba. Ƙarar ruwa kawai take ji. Can sai ga muryar Hok-gi, abokin Ban-lai tun suna yara.

"Matar yaya, kina zaune?"

"A tsugune nake. Ina mai wayar?"

Hok-gi ya yi ta kame-kame kafin ya faɗa. Da safe sun shiga ruwa kallon kifaye, ruwan da bai kai ƙugu ba, fari tas har ana ganin yashi. Ban-lai ya sunkuya kamar zai tsinci wani abu, bai ƙara ɗagowa ba. Likita ya ce zuciya ce. Kim-ki ta ce "to" sau biyu, ta ajiye wayar, ta ƙarasa kankare kifin, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Kwana uku ke nan da tafiyarsu. Ƙungiyar masuntan garinsu, Tungshih da ke Taiwan, ce ta kwashi tsofaffinta zuwa wani ƙaramin tsibiri a Filifin, su ma su ga teku a matsayin baƙi. Kim-ki ba ta bi su ba, domin Litinin, Laraba da Juma'a tana kwance a asibiti ana yi mata wankin ƙoda. 'Yarsu Pei-chi ce ta sa wa uban layin tafiya a waya, irin wanda ake kira eSIM, na kwana bakwai. Ban-lai ya juya wayar gaba da baya yana neman inda aka zura katin.

"Babu kati, Baba. A cikin wayar yake."

"Layi babu jiki? Ashe fatalwa kika saya mini."

Amma da ya isa can shi ya fi kowa damun mutane da shi. Kowace safiya sai ya kira ya nuna mata mangwaro, ya nuna mata kwalekwalen mutanen can, ya ce ko igiya ba su iya ɗaurewa ba.

An kai gawar babban tsibiri, inda za a ƙone ta a dawo da toka. Wannan bai dami Kim-ki ba kamar ɗayan abin. Kowa ya san wanda ya mutu a waje kurwarsa tana tsayawa inda ya faɗi, ba ta san ta mutu ba, ba ta kuma san hanya ba, sai nasa sun je sun kira shi da suna sun jawo shi. Pei-chi ce za ta je, don haka mai hidimar matattu na unguwarsu ya ba ta rigar uban ɗaure a sandar gora, da baƙar lema, da sulalla biyu.

"In kin kira shi ki jefa sulallan. Ɗaya ta kife ɗaya ta buɗe, ya yarda. Daga nan kada bakinki ya huta. Za a hau jirgi, ki faɗa masa. Za a haye ruwa, ki faɗa masa. Inda kika yi shiru, nan za ki bar shi."

Sa'ar da ya zaɓa ta faɗo safiyar Juma'a. Kim-ki ta riga ta tsallake wankin Laraba, ƙafafunta sun kumbura kamar an hura, likita ya ce in ta ƙara tsallakewa gawa biyu za a yi. Don haka ƙarfe tara tana kan gado na shida, allurai biyu a hannun hagu, na'ura tana jan jininta tana mayarwa. A gado na bakwai A-man ce, wadda suka shekara huɗu suna kwana gefe da gefe da rana tsaka.

Wajen goma saura wayar ta yi ƙara. Hoton Ban-lai ne kuma. Zuciyarta ta buga har na'ura ta yi ƙorafi.

"Mama, ni ce. Da wayar Baba nake kira, tawa ba ta da layi a nan." Pei-chi ce. "Ina bakin ruwan. Sau uku na jefa, ya ƙi."

"Me kika ce masa?"

"Na ce Baba don Allah ka zo mu tafi gida."

"Don Allah? Yaushe ubanki ya taɓa jin don Allah? Ɗaga wayar sama, ki buɗe murya."

Kim-ki ta gyara kwanciya ta ja numfashi.

"Ban-lai! Kai, Ban-lai! Shekara arba'in kana teku, guguwa ba ta ci ka ba, sai ruwan wankan yara ne zai riƙe ka? Kunyar da ka ba ni ta isa. Shiga rigarka mu tafi!"

Nas Yen ta leƙo ta koma. A cikin waya aka ji sulalla sun faɗi kan dutse.

"Mama… ya yarda."

A-man ta share ido da gefen bargo. "Ko a mace sai an daka masa tsawa."

"Kada ki kashe," in ji Kim-ki. "Ke ki riƙe lema, ni zan riƙa yi masa magana har ku kai."

"Akwai matsala ɗaya. Layin Baba yau yake ƙarewa, sha biyu daidai. Na yi na yi in ƙara masa kwana, ya ƙi. Amma jirgin ruwan da zai kai mu babban tsibiri zai tashi goma da rabi, tafiyar awa ɗaya ce da kwata. Za mu kai."

Jirgi bai tashi goma da rabi ba. Ana jiran wasu baƙi da suka tsaya sayen tsaraba. Kim-ki tana kallon agogon bango tana yi wa mijinta hira don kada ya gaji ya koma ruwa. Ta ba shi labarin kuɗin kifi a kasuwa, da surukin Hok-gi da ya faɗa kwata da babur. Sai sha ɗaya da minti goma Pei-chi ta ce ana shiga.

"Ban-lai, za a hau jirgi. Ɗaga ƙafa, ka lura da gwiwar nan taka."

Inji ya tashi. Tana jin hayaniyar fasinjoji, da jariri yana kuka, da Pei-chi tana jan hanci. "Za a haye ruwa. Zauna kusa da 'yarka. Kada ka je ka ce za ka koya wa direba tuƙi." Bakinta ya bushe, kuma ba a ba mai wankin ƙoda ruwa yadda yake so. Nas Yen ta sa mata ɗan ƙanƙara a baki ta wuce.

Dogon hannun agogo ya hau kan gajeren. Kim-ki ta rufe ido tana jira ta ji ɗif.

Layin bai yanke ba. Ta ce a ranta, ƙila masu layin sun manta, ko sun tafi cin abinci. Sai dai ƙarar inji ta ɗauke. Jaririn ya yi shiru, fasinjojin ma haka. Abin da ya rage ruwa ne kawai, yana lasar gefen wani abu a hankali, irin yadda yake lasar kwalekwale in an kashe inji ana jira.

"Pei-chi? Kun kai ina?"

Shiru.

"Ke, Pei-chi!"

Sai wani ya yi gyaran murya. Sau biyu a jere, na biyun ya fi tsawo. Shekara arba'in da uku tana jin wannan gyaran muryar daga banɗaki kowace asuba.

Tsigar jikinta ta tashi tun daga wuya har inda alluran suke. Amma an ce kada baki ya huta. To me za ta faɗa? Ba ta san tekun can ba, ba ta san sunan tashar da za su ba, ba ta taɓa fita daga Taiwan ba. Hanyar ruwa ɗaya ta sani a duniya, wadda ta bi tare da shi shekarun da ba su da halin ɗaukar ma'aikaci.

"Ka ga jar fitila?" ta ce a hankali. "Bar ta a hagu. Kada ka matsa wajen tudun yashi, ruwa ya janye yanzu."

Ruwan cikin wayar ya sake sauti, kamar abu ya fara tafiya.

Ta bi da shi tsakanin sandunan goran da ke kafe a ruwa, ta kewaye da shi bakin katangar teku, ta shigar da shi tasha. "Ɗaure igiya. A'a, ba a gurbin Hok-gi ba, kullum sai kun yi faɗa a kan haka." Ƙarar ruwa ta koma baya. Wata ƙarar ta maye ta: silifas a kan siminti, ɗaya yana takawa, ɗaya ana ja.

"Matakala bakwai ne, na huɗu da santsi. Ga haikalin Uwar Teku, sunkuya ka gaishe ta. Kada ka tsaya wajen masu dara, ba su ganinka. Za a haye gada, Ban-lai, haye."

Taku, ja. Taku, ja. Ta wuce da shi shagon mai gas, ta karya kwana wajen bishiyar gwanda, ta shiga lungunsu. Hawaye na gangara mata cikin kunne, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Gida na uku. To, ka iso."

Takun ya tsaya. Aka taɓa wani abu na ƙarfe, ya yi ƙaras, ya ƙi.

Nan ta tuna. Da safe ta kulle ƙofa, har ta ja ta gwada. Mukullin yana cikin jakarta, a rataye jikin gadon nan.

"Tsaya nan. Ka ji ni? Kada ka motsa, ina zuwa."

"Inna Kim-ki." Nas Yen ce tsaye a kanta da wayar asibiti a hannu. "'Yarki ce. Ta ce da gaggawa."

"Ai ga ta nan muna magana."

Nas ta dube ta, ta kara mata wayar a ɗaya kunnen. Pei-chi kuka take yi sosai, bayanta hayaniyar tasha.

"Mama, wayar wani na ara. Layin ya yanke tun sha biyu daidai, muna tsakiyar ruwa. Na ci gaba da yi masa magana ni kaɗai, ban yi shiru ba ko sau ɗaya. Amma da muka sauka na jefa sulalla, sau tara, ya ƙi. Ba ya cikin rigar, Mama. Na bar shi a ruwa."

Kim-ki ta sauke tata wayar daga kunne. Fuskar wayar baƙa ce, ta ma huce. Nas Yen ta kunna ta duba mata: kiran ya ƙare sha biyu. Agogon bango kuwa ɗaya saura minti biyar.

Ta juya gado na bakwai. "A-man, kin ji abin da na ji?"

"Ni barci nake yi," in ji A-man, idonta a kan rufi. Amma jar layar da ke wuyanta tana cikin tafin hannunta, ta damƙe ta har yatsun sun yi fari.

"Cire mini alluran nan."

"Saura minti ashirin, Inna. Kuma sai jini ya tsaya."

"Mutum na jira na a ƙofa!"

Ba a cire ba sai da lokaci ya yi. Aka danne mata hannu da auduga, aka auna ta, motar asibiti ta zagaya ta sauke mutum uku kafin ita. Biyu da rabi ta wuce kafin ta shiga lungu, tana dafa bango. Babu kowa. Rana ta ƙwalle a kan dakalin, takalmanta na aiki suna inda ta bar su. Ta buɗe ƙofa, ta ce, "Shigo." Labule bai motsa ba. Ta lalubo sulalla biyu a jaka, ta riƙe su a saman dokin ƙofa har suka yi ɗumi, sannan ta mayar. In suka ce ba ya nan, ba ta san inda za ta neme shi ba.

Toka ta iso bayan kwana biyar. Mai hidimar matattu ya yi karatunsa, ya kaɗa ƙararrawa, ya jefa nasa sulallan, a jifa na huɗu suka yarda, ya ce komai ya daidaita. Kim-ki ta zuba masa shayi ba ta yi gardama ba. Pei-chi ta yi sati biyu ta koma aikinta a birnin Taichung, kuma duk kiran da za ta yi sai ta tayar da maganar.

"Mama, maƙwabta sun ce har yanzu a buɗe kike barin gida. Ɓarayi fa?"

"Su ɗauki tukunyar shinkafa."

Tun daga ranar mukullin yana cikin aljihun tebur. Kuma ko daga asibiti ta dawo, ko kasuwa, ko zubar da shara ta fita, ba ta shiga kai tsaye. Takan tura ƙofar ta buɗe sosai, ta matsa gefe ta manne da bango.

"Shiga mana, me kake jira?"

Sai ta ba shi lokaci, daidai abin da mai ciwon gwiwa zai ɗauka ya tsallake dokin ƙofa, sannan ta bi baya.