Na'urar Ta Ƙi Yatsana

Gefen takardar likitan ya riga ya jiƙe kafin in ajiye ta a teburin Manaja. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar tsumma.

Wata biyu ke nan da aka ɗauke ni aikin gwaji a ɗakin ajiye fayil. Kowace safiya ma'aikata suna dangwala yatsa a na'urar bakin ƙofa, ta rubuta lokacin zuwansu. Ni kuwa tun ina yarinya tafin hannuna yake tsiyayar gumi, da zafi da sanyi. In goge, in hura, in dangwala, ta nuna jar wuta. Kwana goma sha ɗaya ta ce ban zo aiki ba.

"Yanzu gumi ma ya zama cuta?" in ji Manaja. "Mu madara muke fitarwa?"

"Yallaɓai, likita ya rubuta. Jijiyoyin da ke sa gumi ne suke aiki fiye da kima. Ba zafi ba ne, ba tsoro ba ne."

"Buɗe hannunki."

Na buɗe. Ɗigo ya gangaro ta wuyan hannuna.

"Kin gani? Fanka biyu a ɗakin nan. Shekarata ashirin ina titsiye ma'aikata, malama. Da na ga gumi na san an yi ƙarya."

Ni da na rubuta jarrabawar digiri da tawul a ƙarƙashin hannu, ni da nake fasa gaisawa da ƙawaye don kada su goge hannu a zani a gabana, yau ni ce maƙaryaciya!

"A kira Baba Maigadi," na ce. "Shi yake buɗe min ƙofa kullum. Har tsokanata yake, wai na fi zakara sammako."

Aka kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe da Manaja.

"Baba, takardar sallamarta ce wannan," Manaja ya ce, yana buɗe biro. "Wai kai ne shaidarta. Ka fi na'ura sani ke nan? In haka ne sai mu duba naka zuwan ma."

"Baba, don Allah ka faɗa masa," na ce.

Baba ya kalli hannuna, ya kalli biron. Ya gyara zaman hularsa, ya juya, ya ja ƙofar a hankali.