Gishiri a Bahon Abdussamad

Tun da Abdussamad, wanda ake kira Abu Walid, ya yi ritaya daga koyar da zane, bahon wankan gidansa da ke unguwar Khalidiyya a Madina ya tashi daga hannun iyali ya koma hannun sojan ruwa. Mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa hawa ba, shi ne ya ɗaura ɗamarar ƙera ɗarrad, wato babban jirgin yaƙi mai gudu, irin waɗanda aka yi tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu. Nasa ɗan samfuri ne dai na katako, tsawonsa bai kai na bahon ba, amma a wurin Abdussamad ba abin wasa ba ne.

A wancan zamanin manyan ƙasashe sun yi yarjejeniya cewa irin wannan jirgi kada ya wuce tan dubu goma, bakin igwarsa kada ya wuce inci takwas. Duk wanda ya zana shi sai ya zaɓa: in ya ƙara sulke ya rage gudu, in ya ƙara igwa ya rage sulke. Abdussamad ya riƙe wannan doka fiye da waɗanda suka sa mata hannu. Ya ja jan layi a jikin jirgin, ya ce nan ruwa zai tsaya, in ya wuce to jirgin ya yi ƙarya.

Shi ya yi zane, ya sassaƙa gangar jikin da ɗan jirgin saman da ke zaune a tsakiya. Hasumiyoyin igwa kuwa aikin amininsa ne, Yazid, da ake kira Usta saboda gwanintarsa, mai walda mutumin Cadi da ke da shago a unguwar Sih, wanda shekara da shekaru ba ya cin abincin ranar Juma'a sai a gidan nan. Da tagulla ya yi su, har suna juyawa.

Ranar gwaji suka cika baho, suka yi bismilla, suka sa jirgi. Ya zauna daram. Sai dai jan layin ya nutse, da kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

"Usta," in ji Abdussamad, "hasumiyarka ta baya ta yi nauyi. Sai mun cire ta."

"Ya shaikh, ka cire ɗan tsuntsun nan naka mana," in ji Yazid. "Jirgin yaƙi ne ko filin jirgin sama?"

Magana ta ja magana, har Abdussamad ya ce hannun mai walda ba ya sanin abu mai laushi. Yazid ya miƙe. Ya wanke hannu, ya sa takalmi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, Abu Walid. Jirginka ne."

Juma'a ta zo, Yazid bai zo ba. Wata ta zo, shiru. Abdussamad ya shiga damuwa ƙwarai, don shinkafa ba ta yi masa daɗi in babu mai yi masa gardama a kanta. Amma girman kai rawanin tsiya, sai ya koma kan jirgi. Ya kankare cikin katakon, ya rage sarƙar anga, ya sauke ɗan jirgin saman nasa a ɓoye ya gwada, layin dai bai fito duka ba. Hasumiyar Yazid kuwa, ya ɗauki sukudireba ya ajiye ya fi a ƙirga. Ya san in ya kwance ta, Yazid ya tafi kenan.

Raliya matarsa ta gaji. "Abu Walid, baho na hannunka, Usta ya ƙaurace mana, kai kuma kana zaune kamar an aiko maka da mutuwa. A kan ƙwayar shinkafa!"

"Tarihi ne, Raliya, ba ki gane ba."

"Ɗayyib, na ji. Ka matsa mini, zaitun zan jiƙa."

Ya matsa gefe a kicin ɗin yana kallonta ba don ya so ba. Ta zuba ruwa a roba, ta jefa ɗanyen ƙwai ya nutse ƙasa, kamar yadda ta saba gwada ruwan zaitun. Tana zuba gishiri tana juyawa, ƙwan ya fara ɗagowa, har kansa ya leƙo. Abdussamad ya miƙe tsaye, kujera ta faɗi. Ashe duk wannan wahalar, ɗarrad na teku yake aunawa da ruwan famfon Madina, wanda ba shi da gishiri ko na ɗanɗano! Hasumiyar ba ta da laifi, kuma shi ya ci mutuncin mai ita.

Bai gwada shi kaɗai ba. Ya sayi buhun gishiri, ya ɗora a kafaɗa, ya dire shi a ƙofar shagon Yazid yana haki.

"Na yi maka laifi, Usta. Ka yafe mini. Ruwan ne ba daidai ba, da bakina."

Yazid ya ɗaga gilashin walda, ya dubi buhun, ya dube shi. "Bakin kam na sani. Yalla, ɗauki kayanka mu je."

Su biyu suka durƙusa gaban baho, Yazid na zuba gishiri, Abdussamad na juyawa da ludayin Raliya. A hankali jan layin ya fito, hasumiya tana nan, ɗan jirgin sama yana nan. Abdussamad ya ji ƙwalla ta cika masa ido, ya ce gishiri ne.

"Tsaya," in ji Yazid, ya riƙe bakin buhu. "Wane teku muke yi? Namu na Yanbu ya fi na Turawa gishiri."

"Na Turawa mana!"

"Wallahi ban yarda ba."

Daga kicin Raliya ta ji sun kaure da musu. Ta ƙara gwangwani ɗaya na shinkafa a tukunya.