Kaskon Wuta a Kan Ƙanƙara

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina bai gama komawa daidai ba.

Na gan ni a bakin tafkin garinmu da rana tsaka, amma ruwan ya daskare tun daga gaɓa har inda ido ya ƙare. Ya zama ƙanƙara fara fat, irin wadda ake fasawa a jefa a zoɓo, sai dai wannan mutane ne ke yawo a kanta. Kwale-kwalen masunta an ɗaure su a gindin tsamiya ana ba su dusa. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai, ban zo da takalmi ba.

Wani zalɓe mai jar dara yana tsaye da ƙafa ɗaya a gaɓa. Shi ne Sarkin Ruwa a ƙasar.

"Kai ne Hambali ɗan Mijinyawa?" in ji shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Tsohonka yana can tsakiya tun safe. Doka ɗaya ce a wurin nan, ka riƙe ta da kyau…"

Bakinsa ya ci gaba da motsi, amma sanyi ya kama sauran zancen a iska, ya daskare, ya faɗo gabana kamar ƙwan zabo. Haka magana take yi a can in ta yi tsawo. Na ɗauka na jefa a aljihu, na ce in na sami sarari na saurara. Ni da ma haka nake da nasiha, sai ta kwana nake duba ta.

Sai ga ni a kan tafkin. Mata suna daka ƙanƙara da taɓarya suna huda ramuka masu faɗin faifai, kowane masunci ya kife bokiti ya zauna a bakin nasa, ya zura ƙugiya da tana. Na duba ƙarƙashin ƙafata, na hangi giwan ruwa suna wucewa a jere. A bayansu akwai wani kifi da ban taɓa gani ba, mai fararen idanu kamar mai yanar ido. Shi ba ya wucewa. Tsayawa yake ya zuba maka ido.

Su ma kifayen fatsa suke yi. Ƙugiyarsu sama take fitowa ta ramin, da ɓarin goro a jiki. Wani mutum a gefena ya sunkuya ya kai goron baki, ya sulale ciki ba ko ihu, hularsa kaɗai ta rage. Na kusa da shi ya matso da bokitinsa ya gaje ramin. A nan tsoro ya fara shiga ta.

Na tarar da Baba a tsakiyar tafki, zaune a kan buzunsa da 'yar riga shara-shara, gemunsa ya yi fari da ƙanƙara. Na durƙusa na gaishe shi.

"Rage murya," ya ce. "Mai farin ido yana lasar tanar."

Leɓunansa duk sun tsattsage don sanyi. To, mu a gidanmu, in sanyi ya sauka, kafin kowa ya ji ɗumi sai an kai wa dattijo kaskon wuta. A haka aka raine ni, ba abin da sai na tsaya tunani ba ne. Ina duba hannuna sai na ga kasko cike da jan garwashi. Na ajiye a gaban ƙafafunsa, na cire hula na yi ta fifita.

"Allah ya yi maka albarka," Baba ya ce. Daɗi ya kama ni har kunne.

Can sai na ji aljihuna ya jiƙe. Ɗumi ya narkar da ƙwan nan, muryar zalɓen ta fito daga cikin rigata a natse: "…kada ka kawo wuta kan tafkin nan, ko wa ya roƙe ka."

Na duba ƙasa. Ruwa ya riga ya yi wa buzun Baba zobe. Na kai hannu in ɗauke kaskon, ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, yana lumewa a hankali. A ƙarƙashinmu masu fararen idanu sun taru, ɗari bisa ɗari, sun kewaye mu suna jira. Ƙanƙara ta yi wata ƙara, tsaga ta ratsa tsakanina da shi.

"Baba, don Allah tashi mu tafi!"

"Masunci ba ya barin ƙugiya kifi yana taɓawa."

"Baba, wurin narkewa yake!"

"To ƙara gawayi."

Tun da aka haife ni ban taɓa sa hannu na ja mahaifina ba, kunya ba ta bari. Na tsaya ina jujjuya hannu ina neman ta inda zan kama shi ba tare da rashin ladabi ba, kafin in yanke shawara tsagar ta buɗe. Na yi taku ɗaya gaba, sai na gan ni taku uku baya. Na ƙwala wa masunta kira, na yi musu bayani dalla-dalla, maganar ta yi tsawo, ta daskare ta zube a ƙafata. Ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ruwa ya kai wa Baba gwiwa, ya kai ƙirji. Ya ɗaga igiyar fatsar sama don kada ta harɗe.

"Hambali," ya ce, "wutar nan ta yi daɗi. Kai kaɗai ka tuna da ni."

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, don ni na kawo wutar da hannuna. Ruwan ya taɓa gemunsa. Ƙanƙara ta ce kau! Ta sake cewa kau!

Na buɗe ido. Gari ya waye, maƙwabcina ne yake faskara itace a bayan katanga.

Na diro daga gado, na ratsa tsakar gida a guje, na banke ƙofar ɗakin Baba. Buhunan masara na tarar, da tsohuwar homarsa ta kamun kifi rataye a bango.

"Malam, lafiya?" in ji matata Ladidi, tana riƙe da tsintsiya.

Sai a lokacin na tuna. Shekara huɗu ke nan da muka kai Baba makwancinsa, kuma a kan gadonsa ya cika, ba a ruwa ba. Ya kamata hankalina ya kwanta, amma hawaye ne suka zo.

Na ce mata ba komai. Na koma ɗaki na ja bargo na runtse ido, ina roƙon a mayar da ni, ko tsakiyar tafkin ne, in ƙara jin ya kira sunana sau ɗaya. Barcin ya ƙi zuwa.